Wanda Aka Kore Wa Garke, Da Me Za A Yi Masa Jinya?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a majalisa, wani yaro ya miƙo waya aka shiga zagayawa da ita. Bidiyo ne na wasu tsofaffin sojojin Amurka a wata gona, kowanne riƙe da buroshi yana taje gashin doki. Mai bayani yana cewa yaƙi ne ya taɓa su: ba sa barci, ƙara kaɗan sai su zabura. Wannan zama da dawaki yana cikin jinyar da ake musu, har gwamnatinsu tana sa kuɗi a ciki.

Aka kwashe da dariya. Wani dattijo da muke girmamawa ya ce, "Ƙoshi ne kawai. Wanda bai ci ba, ina ya ga ta shafa doki?"

Maganar ta tsaya mini a rai, domin wannan dattijon da bakinsa ya taɓa ba mu labarin wansa da ke wani ƙauye a yammacin Katsina. Ɓarayin daji sun zo dare ɗaya sun kore masa shanu kaf, sun kashe yaron da ke kwana wajen garken. Tun daga ranar mutumin ya daina magana sai dole. Da asuba yakan fita ya tsaya a wurin da shanun suke kwana, har rana ta yi zafi, sai an je an jawo shi. Duk wanda ya ji labarin nan a majalisa cewa ya yi, "Allah sarki, rashin shanun ne ya karya shi." Babu wanda ya yi musu.

To idan mun yarda rashin dabba yana iya karya mutum, me ya sa samun dabba a matsayin taimako wajen tashinsa ya zama abin dariya?

Ra'ayina shi ne, ya dace gwamnati da masu agaji su ware kuɗi domin amfani da dabbobi wajen jinyar mutanen karkara da bala'i ya gigita. Amma ba gidan dawaki irin na bidiyon nan nake nema ba. Abin da nake nema ya fi haka araha kuma ya fi kusa da mu: akuya ko tunkiya a turken mai ciwon, da mutum mai horo da zai riƙa zuwa yana zama da shi, da malamin dabbobi da zai hana dabbar mutuwa. Idan aka cire ɗaya daga cikin ukun nan, ni ma ba na goyon bayan a kashe ko sisi.

Ciwon da yawa, masu magani kaɗan

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa a yankunan da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga matsananciyar damuwa zuwa firgicin da ke bin mutum bayan ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Ɗauki wannan ka auna da halin da muke ciki. Rikicin Boko Haram tun 2009 ya raba sama da mutum miliyan biyu da gidajensu a Arewa maso Gabas. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka ba adadi, har dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a birane suke. Akwai manyan asibitocin tarayya na wannan fanni a Maiduguri da Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato. Matar da ke wani ƙauye a Zurmi ko Batsari, wadda aka kashe mijinta a gabanta, kuɗin motar zuwa Kware ma aiki ne, balle hanyar da ba kowace rana ake bin ta ba. Kuma ko da kuɗin, wa zai yarda a ce an kai shi "asibitin mahaukata"? Gobe wa zai auri 'yarsa?

Saboda haka masu wannan ciwon suna nan a gida. Mukan ce "tunani ne ya yi masa yawa", ko "ta zama shiru-shiru", ko a ce iska ce. A yi addu'a, a yi rubutu, a ba shi haƙuri. Addu'a da haƙuri gaskiya ne, ba na wasa da su. Amma mutumin da ke da karaya ma ana yi masa addu'a, sannan a kai shi wajen mai ɗori.

A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Doka mai kyau ce. Har yanzu ba ta iso ƙauye ba.

Me dabba take yi wa mai firgici?

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1796 aka buɗe wani gidan jinyar masu taɓin hankali a garin Yok na Ingila, inda aka ajiye ƙananan dabbobi a harabar domin marasa lafiya su riƙa kula da su, a zamanin da sarƙa ce maganin da aka fi sani. A farkon shekarun 1960 wani masanin halayyar yara a Amurka, Boris Levinson, ya rubuta yadda yaron da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karen masanin, daga nan hanya ta buɗe. A 2021 Amurka ta yi dokar gwada shirin da tsofaffin sojoji masu firgici za su riƙa horar da karnuka a matsayin wani ɓangare na jinyarsu.

Gaskiyar da dole a faɗa ita ce, yawancin binciken da aka yi kan wannan hanya ƙanana ne, an yi su kan mutane kaɗan, kuma a ƙasashen da ba su yi kama da namu ba. Masana ba su ɗauke ta a matsayin babban magani ba. Babban maganin firgici har gobe shi ne zama da ƙwararre a bi abin da ya faru daki-daki, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Duk wanda ya ce maka akuya tana warkar da ciwon ƙwaƙwalwa ita kaɗai, kada ka ba shi kuɗinka.

Amma akwai abin da na gani da idona.

Wata dattijuwa, ƙanwar mahaifin maƙwabcina, ta taso daga ƙauyensu bayan an kai musu hari. Ta rasa 'ya'ya biyu a ranar. Aka ba ta ɗaki a gidan. Wuni take yi a ciki, abinci sai an zauna a kanta, idan yara suka fasa wani abu a tsakar gida sai ta dafe ƙirji ta hau salati jikinta na rawa. Matar gidan ta yi lallashi har ta gaji.

Akuyar gidan ta haifi biyu, ta ƙi shayar da ɗaya. Yara suka rasa yadda za su yi. Dattijuwar nan ta leƙo ta labule ta ce, "Ba haka ake yi ba, kawo shi nan." Ta sa aka danne uwar, ta kama nonon ta sa wa ɗan a baki. Washegari da asuba ita ta fara fitowa. Ta ce dusar da ake damawa ta yi ruwa da yawa, ta tambaya ko babu kanwa a gidan. Bayan 'yan makonni ita ke aika yara neman harawa, tana yi musu faɗa idan suka kawo mai ruɓa.

Wata rana matar gidan ta zauna kusa da ita a bakin turken tana tsince wake. Ba ta tambaye ta komai ba. Can sai dattijuwar ta ce, idonta na kan ɗan akuyar, "Autana ma haka yake da son dabba." Shi ne karon farko da ta ambaci yaron tun zuwanta. Matar gidan ta ce, "Allah Ya jiƙansa, Gwaggo," ta ci gaba da tsintar wakenta, ita kuma ta ci gaba da magana.

Ba ta warke ba. Har yanzu barcinta ba shi da kirki. Amma ta fito daga ɗaki, kuma ta buɗe baki. Abin da dabba take yi ke nan a fahimtata: tana tilasta maka tashi da safe domin yunwarta ba ta jiran baƙin cikinka, ba ta tambayarka abin da ya faru, ba ta kallonka da tausayi ko zargi. Matar da aka sace aka dawo da ita ta san irin kallon da mutanen gari ke yi mata. Tunkiyarta ba ta da wannan kallon. Sannan magana mai nauyi ta fi sauƙin fita idan hannu yana aiki, ido yana kan wani abu, ba a zaunar da kai a kujera ana kallon ƙwayar idonka ba.

Ku lura kuma, a labarin nan ba akuyar kaɗai ta yi aikin ba. Akwai matar da ta zauna a gefe, ta san lokacin yin shiru.

"Yunwa ce matsalarmu"

Wannan ita ce hujjar dattijon majalisarmu, kuma ba ta banza ba ce. Mutumin da 'ya'yansa suka kwana da yunwa, ka zo masa da zancen kwanciyar hankali, zai ga kamar ka raina shi.

Amsata ita ce, a karkararmu abin da ke maganin yunwa da abin da nake magana a kai abu ɗaya ne. Sojan Amurka yana zuwa gona ya taje doki na awa ɗaya ya koma gida, dokin ba nasa ba ne, ba ya ci daga jikinsa. Akuyar bazawara a Gwoza ko Maradun kuwa asusunta ce. Tana haihuwa sau biyu a shekara ɗaya da rabi ko ƙasa da haka idan ta samu kulawa, sau da yawa tagwaye, musamman jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi. Ana samun nono, ana samun taki, idan yaro ya kwanta rashin lafiya a kai ɗan bunsuru kasuwa. Kuɗi ɗaya ya yi aiki biyu. A nan mun fi su sa'a.

Akwai kuma ɗaya gefen da masu wannan hujja ba sa dubawa. Mutumin da firgici ya danne ba ya iya neman abincin ma. Ka ba shi taki da iri, ba zai iya zuwa gona ba domin a can aka tare shi. Ka ba ta jari, ba za ta iya zama a kasuwa cikin hayaniya ba. Muna raba kayan tallafi muna mamakin me ya sa wasu ba sa tashi, mu ce lalaci ne.

An yi wani babban bincike da aka buga a 2015, a ƙasashe shida, Habasha da Ghana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, kan gidaje sama da 10,000 na matalauta tuburan. Aka ba su abin sana'a, galibi dabbobi, tare da horo, da ɗan tallafin abinci, da mai ziyartarsu a kai a kai. An samu ƙarin abinci da dukiya a gidajen, an kuma ga ci gaba a kwanciyar hankalinsu, ko da yake ba mai yawa ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Jamhuriyar Nijar, da aka buga a 2022, kan matan karkara da ke cikin shirin tallafin kuɗi na gwamnati. Wasu an ƙara musu dunƙulallen jari, wasu an ƙara musu horon ƙarfafa zuciya da zaman tattaunawa da jama'ar gari, wasu an haɗa musu duka. Dukkansu sun ci gaba, amma idan aka auna da kuɗin da aka kashe, ɓangarorin da aka kula da zuciyar mutum sun fi biyan kuɗinsu. Waɗannan bincike biyu ba kan waɗanda yaƙi ya gigita aka yi su ba, kuma ba jinya da dabbobi aka je gwadawa ba. Abin da suka nuna dai ya isa ya rushe tunanin cewa sai ciki ya cika tukuna za a waiwayi zuciya.

"Al'adar Turawa ce"

Idan kare ake nufi, na yarda ba zai karɓu ba. Bahaushe yana ajiye kare don gadi da farauta, ba ya kwana da shi a ɗaki, kuma babu dalilin ɓata kuɗi da lokaci wajen jayayya da mutane a kan haka. Horar da irin karen da ake ba sojojin can yana cin dubban daloli. Kuɗin kare ɗaya zai cika turakun unguwa guda.

Amma zama da dabba don samun natsuwa, wa ya riga mu? Ya tabbata a hadisi cewa babu annabin da Allah Ya aiko face ya yi kiwon tumaki, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi kiwo wa mutanen Makka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa natsuwa tana tare da masu kiwon tumaki. Malamanmu sun daɗe suna bayanin cewa kiwo yana koyar da haƙuri da tausayi.

Dubi Bafulatani da shanunsa. Kowace saniya da sunanta, ya san uwarta da kakarta, yana kira ta taho. Dubi tsohon da ke turke ragon layya tun watanni kafin Sallah, yana wanke shi, yana zama kusa da shi da yamma. Dubi yaro da jakinsa. Ba mu taɓa kiran wannan jinya ba, shi ke nan bambancin.

Hatta tsarin raba dabbar muna da namu. Fulani suna da habbanaye: wanda ya rasa garkensa, ɗan'uwa ko aboki ya ba shi aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ƙungiyoyin agaji a Nijar sun daɗe da ɗaukar wannan tsari suna yin sa da awaki tsakanin mata. Mu ma muna da ba da kiwo, a raba abin da aka haifa. Abin da ke burge ni a habbanaye shi ne wanda aka ba ba almajiri ba ne. An amince masa ne. Wata rana shi ma zai miƙa wa wani. Mutumin da aka wulaƙanta, aka ɗaure shi a daji, danginsa suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, yana ganin kansa a matsayin kaya a wuyan mutane. A ce masa "riƙe wannan, mun san za ka iya" magani ne mai zaman kansa.

"Ai an daɗe ana raba awaki"

Gaskiya ne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba awaki ga mata da bijimai ga matasa a Borno da Yobe da Adamawa. Jihar Jigawa ta yi shirin ba mata awaki a zamanin Gwamna Badaru. 'Yan siyasa kuwa ba a magana, ana tara mata a fili, a ɗauki hoto, kowa ta ja igiyarta ta tafi.

Wasu daga cikin shirye-shiryen nan sun amfani mutane, ba na musu. Amma an tsara su ne don tattalin arziki, kuma wanda ya fi buƙata ta fuskar da nake magana shi ne wanda ba zai zo filin rabon ba. Matar da ba ta fita daga ɗaki ba za ta shiga layi ba. Dattijon da ke tsaye a tsohon makwancin shanunsa ba zai je ofishin ƙaramar hukuma ya rubuta suna ba. Masu baki da masu ƙafa su ke samu.

Shi ya sa na ce sai da mutum. Kuma ba likita nake nufi ba, don ba mu da su. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata su riƙa zama kan benci a harabar asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. A Borno, gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara unguwanni a keke napep maimakon jiran mutane su zo. Tun 1954 ma Farfesa Adeoye Lambo ya fara kwantar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa, maimakon kulle su. A Najeriya aka yi wannan, muka manta.

Kowane ƙauye yana da irin waɗannan mutanen: ungozoma, malamar Islamiyya, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, tsohon malamin makaranta. A horar da su, a biya su. Su zo duba akuya. Wannan shi ne sirrin abin a wurina. Idan aka ce ga mai duba masu ciwon ƙwaƙwalwa ta shiga gidan wance, kafin la'asar gari ya ɗauka. Idan aka ce malamar kiwo ce ta zo ganin awaki, babu mai ɗaga kai. Ta zauna a bakin turke ta ce, "Inna, yaya akuyar, tana ci kuwa? Ke fa, kina samun barci?" Idan ta ga abin ya fi ƙarfinta, mutum yana maganar kashe kansa ko ya daina gane mutane, ta san inda za ta tura shi, kuma a cikin kuɗin shirin akwai na mota.

Abin da ke ba ni tsoro

Akwai hujjar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, kuma ban cika jin ana kawo ta ba. Dabba tana mutuwa, ana kuma sace ta.

A binciken nan na ƙasashe shida, a Honduras ne shirin ya gaza. Yawancin mutanen kaji aka ba su, cuta ta shiga ta kashe da yawa. Can asarar dukiya ce kawai aka lissafa. A namu shirin asarar za ta fi haka. Ka ɗauki mutumin da ya rasa kowa, ka sa ya shaƙu da wata halitta, sannan annobar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da zawo da majina ta shigo gari ta kwashe. Ka fama masa tsohon miki. Akwai allurar rigakafin wannan cuta, ba ta da tsada, amma sai an kai ta cikin sanyi kuma a kan lokaci. Don haka kuɗin malamin dabbobi da rigakafi ba ƙari ba ne a kasafin. Haka kuɗin maye gurbin wadda ta mutu, da na abincin rani, lokacin da harawa ke tsada har mai dabba ya fara tunanin sayarwa.

Sata kuma ta fi ban tsoro. A wurin da 'yan bindiga ke shiga yadda suka ga dama, raba shanu gayyatar hari ne. Ba zan ba da shawarar a kai ko maraƙi irin waɗannan wurare ba. Ƙananan dabbobi a cikin gida, a garuruwan da aka samu sauƙi, da unguwannin bayan gari inda 'yan gudun hijira suka rakuɓe, da garuruwan Borno da aka mayar da mutane bayan rufe sansanonin Maiduguri daga 2021, nan ya kamata a fara. Mai unguwa da mutanen wurin su za a tambaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inda suka ce ba yanzu ba, a bari.

Sai kuma abin da mata suka sani sarai: a ba mace akuya, miji ko ɗan'uwan miji ya ja ta kasuwa. A al'adarmu da addininmu dukiyar mace tata ce, amma yunwa da ƙarfi suna take wannan. Idan aka yi rabon a gaban liman da mai unguwa, aka bayyana cewa aro ne na ƙungiya wanda za a miƙa 'ya'yansa ga wata, zai yi wa namiji nauyi ya taɓa.

Kuma ba kowa ne dabba za ta yi wa amfani ba. Wani ganin garke ma shi ke tayar masa da abin. A tambayi mutum, kada a ɗora masa. Wanda hankalinsa ya gushe har yana iya cutar da dabbar, asibiti yake buƙata, dabbar ma tana da haƙƙi a kanmu.

Kuɗin daga ina?

Ba na jin sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma. Kuɗin dabbobi yana nan. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don bunƙasa kiwo a Najeriya. A 2024 aka kafa ma'aikatar tarayya ta kiwon dabbobi. Akwai Hukumar Raya Arewa maso Gabas tun 2017, an kuma yi ta Arewa maso Yamma a 2024. Ta ɓangaren lafiya, dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga kiwon lafiya a matakin farko. Ga hukumomin zakka da waƙafi a jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano.

Matsalar ita ce masu raba awaki ba sa magana da masu kula da lafiya. Ma'aikatar gona tana ƙirga dabbobi nawa aka raba, ma'aikatar lafiya tana ƙirga marasa lafiya nawa aka gani, ita kuma matar da ke cikin ɗaki ba ta cikin lissafin kowa. Abin da nake roƙo shi ne duk shirin raba dabbobi da za a yi a yankin da rikici ya shafa, a yanki wani kaso daga cikinsa a ce na waɗanda bala'in ya gigita ne, ma'aikatan lafiya na ƙauye su zaɓo su, ba kansila ba, kuma a sa albashin masu ziyara a cikin kasafin tun farko. Kada a taɓa kuɗin asibitocin ƙwaƙwalwa don yin wannan. Abin da suke samu ma bai ishe su ba, kuma su ne za su karɓi waɗanda aka turo.

Dogaro da masu agaji na waje ba zai kai mu ba. Mun ga abin da ya faru a 2025 da Amurka ta datse tallafinta, shirye-shirye da dama a Arewa maso Gabas suka tsaya cak. Jinyar zuciya ba a fara ta a yanke a tsakiya. Gara jiha ɗaya ta ɗauki ƙananan hukumomi biyu ko uku da kuɗinta, ta yi shekara uku tana yi, da a buɗe a jihohi goma a rufe bayan wata shida.

Kuma a auna. Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello duk suna da tsangayar likitancin mutane da ta dabbobi. A sa su bi sawun shirin tun ranar farko: wasu ƙauyuka a ba da dabba kaɗai, wasu mai ziyara kaɗai, wasu a haɗa. Bayan shekara a duba wa ke barci, wa ya koma gona, wa ya koma zuwa biki da jana'iza, awaki nawa suka rayu. Idan sakamako ya nuna mai ziyara ita kaɗai ta wadatar, a mayar da kuɗin wajenta. Idan ya nuna haɗin ya fi, jihohin maƙwabta da ƙasashe irin su Nijar da Chadi da Kamaru, masu fama da irin wannan ciwon a gefen Tafkin Chadi, za su samu hujjar da aka gwada a kan mutane irin nasu.